Sunan da Ya Zo a Baƙin Akwati

Tun ranar da Sahdan ya bugo waya daga gonar kwakwar manja a Malesiya ya ce matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, Inaq Sahdan ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Jikar fari ce, kuma a ƙauyukan tsibirin Lombok na Indonesiya jikan fari shi ke sauya wa mutum suna. Mace na haihuwa sunan yarintarta ya bi ruwa, a koma kiranta Inaq wane, wato uwar wane. In ta samu jika a ɗaga ta zuwa Papuq, wato kaka, a liƙa mata sunan jikan har ƙarshen ranta. To ga jika ta samu, amma ja'irin ɗan nata ya ƙi faɗin sunan.

"Yana cikin bidiyon suna, Inaq," in ji shi. "Ki ji da kunnenki daga bakin liman."

"Wayar nan da ƙafa nake sauraronta? Faɗa mini, kai."

Dariya kawai ya yi ya kashe. Haka ta zauna tsakiyar suna biyu, ba ta bar tsohon ba, ba ta shiga sabon ba. Maƙwabciyarta Papuq Irun, wadda suka yi tallan ganye tare tun suna 'yan mata, ta samu abin yi. Ko a bakin rijiya suka haɗu sai ta ɗaga murya: "Sannu da aiki, Papuq Oho." Inaq Sahdan takan yi dariya, amma abin yana cin ranta.

Wata Laraba da hantsi wani abokin aikin Sahdan da ya dawo gida ya kawo saƙo. Cikin safa biyu aka naɗo shi: ƙaramin baƙin akwati na ajiyar bidiyo, bai fi tafin hannu ba, da igiyarsa mai kai biyu a gefe guda. Ta juya shi, ta shinshina, ta rasa ta inda jariri zai shiga ciki. Ba ta ko gama kallonsa ba ta zari mayafi ta bi gida-gida. Kafin azahar babu wanda bai san za a ji suna bayan la'asar ba. Ta soya ayaba da rogo, ta daka barkono da tumatir, ta dafa kofi a babbar tukunya, tana yi tana waƙa, abin da rabon a ji ta yi tun rasuwar mijinta.

Ƙaninta Amaq Sukiman, wato uban Sukiman, shi ne mai na'urar DVD a unguwar, wadda yake kunna waƙoƙi da ita a gidajen biki. Ya zo da ita rungume a ƙirji, rimot a aljihun gaba cikin leda. Aka fito da talabijin rumfar katako ta tsakar gida, aka jawo wayar wuta ta taga. Mata suka cika tabarma, maza suka jingina da ginshiƙai suna murza taba. Papuq Irun ta kama wuri a gaba ta miƙe ƙafa.

"Kowa ya natsu," Amaq Sukiman ya ce. "Injin nan ba abin da ba ya karantawa."

Ya cusa kai ɗaya na igiyar a ramin da ke gaban na'urar, ya bar ɗayan yana lilo. Wata 'yar fitila ta kama a jikin akwatin. Inaq Sahdan ta dafe ƙirji. Talabijin ya yi shuɗi, ya tsaya a shuɗin. Akwatin ya ce ƙit, ya yi shiru, ya sake cewa ƙit.

Amaq Sukiman ya cire, ya hura ramin, ya mayar. Ya buga rimot a cinya. Ya kashe komai ya kunna. Shuɗi dai.

"Jikar taki kunya gare ta," Papuq Irun ta ce tana tauna rogo. "Ko ta leƙo ta ga kakar ce ta koma?"

Aka kwashe da dariya. Gumi ya fara tsattsafo wa Amaq Sukiman, kuma mutum ne da in abu ya gagare shi sai ya ɗora wa abin laifi.

"Yaya, akwatin ne bai iya yarenmu ba. Kayan Malesiya haka suke. Gobe in kai shi kasuwa a yi masa fomatin, a wanke shi tas, zai yi."

"In an wanke, abin da ke ciki fa?"

Ya sosa ƙeya. "To, shi ma ya wanku."

Ta fizge akwatin daga gabansa da saurin da ba a san tana da shi ba. "Ka wanke mini jika? Je ka wanke hular nan taka tukuna."

Tsoro ne ya kama ta sosai. Ga mutane ta tara, ayaba ta kusa ƙarewa, wasu har sun fara neman takalmansu. Ta ɗora akwatin a kunne, igiyarsa na jikin na'urar. Can ciki ta ji wani abu yana yunƙurin juyawa, ya ɗauko, ya sare, ya sake ɗaukowa. Wannan kukan ta san shi. Haka famfon rijiyarta yake yi duk yamma in unguwa ta kunna tukwanen shinkafa na lantarki wuta ta yi rauni.

"Ba yare ba ne," ta ce. "Yunwa yake ji. Wutar injinka ba ta ishe shi ba."

Ta dubi kan igiyar da ke lilo. Abu mai baki biyu, an ba ɗaya abinci an bar ɗaya. Ta shiga ɗaki ta ciro cajar wayarta, ta zare igiyar jikinta, ta cusa kan da ya rage a ramin cajar, ta soka a soket.

"Yaya, za ki ƙona mini inji!"

Akwatin ya yi wani siririn gurnani, bai sare ba. Shuɗin ya ɓace, jerin rubutu ya fito. Rumfa ta ɗauki ihu, masu takalma a hannu suka zubar suka dawo. Amaq Sukiman ya gyara hula ya ce dama abin da yake shirin gwadawa ke nan, ya danna na farko.

Ga Sahdan nan, ya rame ya yi baƙi, yana washe baki cikin farar riga. Ga matarsa a zaune. Ga jaririya a zani mai ruwan ɗorawa, gashi cunkus, ta dunƙule hannu. Inaq Sahdan ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, sai da aka ja ta baya. Ana ta salati a cikin wani ɗakin katako na ma'aikata. Liman ya ɗauki almakashi ya yanke ɗan gashin goshin jaririyar, ya yi addu'a, ya ɗago kai.

"Sunanta Rumenah."

Matasan rumfar suka yi tafi, suna cewa suna mai daɗi, irin na da. Ba su san komai ba. Amaq Sukiman ne ya sauke rimot a hankali. Papuq Irun ta daina tauna. Su biyu kaɗai suka rage a wurin da suka san yarinyar da ake kira Rumenah, mai tallan ganye, wadda sunanta ya ɓace ranar da ta haifi Sahdan. Ko mijinta bai ƙara furta shi ba har ya rasu.

A talabijin Sahdan ya matso da fuskarsa. "Inaq, ni na karɓe miki shi. Ga shi na dawo miki da kayanki."

Daɗi ya cika ta har ya fi ƙarfinta, ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Babu wanda ya tsokane ta. Papuq Irun ta tsiyaya kofi a kofin gilashi, ta matso da gwiwa, ta taɓa ta.

"Papuq Rumenah, sha kafin ya huce."

"Na'am," ta ce daga cikin mayafin. Sannan ta ɗan buɗe ido ɗaya. "Sake faɗa, ban ji da kyau ba."