Tafin Hannun Matan Falanko

Barmo ya ɗora matarsa Lantana a jaki, ya bar garinsu. Rijiyar garin ta rufta, damina ta ƙarato, cikin Lantana kuma ya tsufa. Dole ya sami wurin zama kafin shuka.

Tanut yake so. Can wansa Idrisa yake, ga kasuwa, ga ayarin raƙuma, ga barikin Nasara. Da suka sauka Tanut, Lantana ta bi matan unguwa da gaisuwa. Wadda duk ta kama wa hannu sai ta daɗe ba ta saki ba.

"Maigida, mu ƙara gaba," in ji ta.

A Belbeji ma haka ta yi.

"Ke, gari kike nema ko hannu?" in ji Barmo. "Jakin nan ma ya gaji da ke."

A Falanko ta kama hannun wata tsohuwa, Tata, ta juya shi, ta kama na jikarta. Sai ta fashe da dariya.

"Sauke kaya."

"Me kika gani?"

"Matan can igiyar rijiya ta tsattsage musu tafi. Waɗannan kantar taɓarya kaɗai gare su. Akwai hatsi ke nan, ruwa kuma bai wahal da su."

Mai gari ya ba shi gona, ya ce dami ɗaya bayan girbi ya isa. Barmo ya kwana yana yabon rijiyar da bai gani ba.

Da safe ya gan ta. Zurfi gare ta kamar ta Tanut. Sai dai maza ne a bakinta. Maƙwabcinsa Sule ya miƙo masa igiya.

"Baƙo, bismilla. Nan mu ke ja."

Mata suna gefe da tuluna, suna ta dariya. Lantana ta fi kowa.

Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Balki. Gero ya yi kyau. Da kaka ta yi, Idrisa ya zo a raƙumi, ya tarar da ƙanensa a bakin rijiya, gumi na zuba.

"Barmo! Kai ne da guga? Wa ya yi maka asiri? Tashi mu koma Tanut, na gina maka ɗaki."

Barmo ya dubi tafinsa, duk ya tsage. Daga gida yana jin Lantana tana daka tana waƙa, tana cilla taɓarya sama tana tafi, Balki a bayanta.

Ya tofa yawu a hannu, ya kama igiya.

"Yaya, sha ruwa ka huta. Ba ni zuwa."