Hoton Auta a Wayar Mama

Yaya tana durƙushe gaban wata mata, allurai a bakinta, tana rage mata tsawon siket, sai abokiyar aikinta ta miƙo mata waya ta saman keken ɗinki. Abokiyar nan ba ta iya ganin abu ita kaɗai. Ko kyanwa ce ta faɗa bokiti sai duk shagon ya kalla.

"Yaya, dubi wani bawan Allah. Mai fenti ne, wai daga saman bene ya faɗo. Ana cigiyar wanda ya san shi."

Kowa Yaya yake ce mata, har mahaifiyarta, don ita ce babba a gidansu. Ta karɓi wayar don dai a rabu lafiya. Mutane ne sun yi da'ira a bakin titi, kowa ya ɗaga waya sama, ba mai hannun da zai taɓa na kwancen. Fuskarsa ba ta fito ba, amma rigar ta fito. Rigar aiki ce ruwan toka mai dogon aljihu a damtse, na soke buroshi. Ita ta ɗinka aljihun nan da hannunta, bayan ƙaninta Auta ya dame ta da naci.

Ta tofar da alluran a tafin hannunta, ta kira lambarsa. Muryar mace ce ta amsa, ma'aikaciyar jinya.

"Ke wace ce tasa?"

"Yayarsa ce."

Matar ta ce, "Sai haƙuri. Kafin a iso da shi rai ya yi halinsa."

Yaya ba ta yi kuka ba. Kukan ya taso, ya tarar da tsoro ya riga shi tare hanya. Mama take tunani. Mama mai ciwon zuciya, wadda likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ita. Yanzu tana gida ita kaɗai, ta gama abincin rana, kuma lokacin da take ɗaukar waya ke nan. Ba ta iya karatu ba, amma ba hoton da yake wuce ta, kuma duk saƙon murya sai ta kunna shi ta saurara har ƙarshe. Yaya ce da kanta ta saka ta a zauren dangi na waya, wai don ya ɗebe mata kewa.

Ta kira Kawu, yayan Mama, tana saukowa daga matakalar shagon da abin awo a wuyanta.

Kawu ya yi salati. "Kada kowa ya ji tukuna. Ki je ki zauna da ita, ki ba ta maganinta, ga ni nan tafe. Irin wannan magana a zaune ake faɗinta, da baki, ana riƙe da hannun mutum."

Abin da Yaya ta manta shi ne kunnen Kawu ya yi nauyi, a fili yake sakin muryar waya, kuma ɗansa yana gidan. Ba a banza ake ce wa ɗan nan Rediyo ba. Tasin da ta shiga ba ta kai ƙarshen layi ba wayarta ta fara ƙara. Ga hoton Auta a zauren dangi, wanda ya ɗauka ranar auren abokinsa, ya sha kwalliya yana dariya har haƙoransa a waje. A ƙasa an jera rubutu da alamun hawaye.

Ta kira Rediyo. "Goge shi yanzu."

"Haba Yaya, addu'a fa ake ta yi masa. Ki duba ki ga yawan mutanen da suka ce amin. Kuma tsakani da Allah, ba don wayar nan ba da yanzu wa ya san inda yake?"

"Mama tana cikin zauren."

Ya ce, "Ai ba ta karatu."

"Tana da kunne. Idan wani ya turo kuka da murya fa?"

Ya goge, amma magana zarar bunu ce. Kafin ya goge an kwafa. Abokan Auta sun ɗora a shafukansu, 'yan unguwa sun ɗora, har wata da ba ta taɓa gaishe shi ba ta rubuta cewa ta yi rashin ɗan'uwa. Mutane suna son a ga su ne farkon sani, ko da gawa ba ta huce ba.

Motar ta cije a cunkoso gaban wata babbar mahaɗar hanya. Yaya ta dubi jerin motocin, ta dubi wayarta, sai dabara ta faɗo mata. Muddin waya tana kunnen Mama, idonta ba zai kai kan fuskar wayar ba. Ta share maƙogwaro, ta kira.

"Yaya? Lafiya da tsakar rana?"

"Lafiya lau, Mama. Labulen falonki nake son in canza, na ce bari in ji wane launi kike so."

Mama ta gyara zama, ana jin ƙarar kujerar. Zancen labule ba ƙaramin zance ba ne a wurinta. Ta fara da na yanzu da rana ta cinye, ta wuce ga na maƙwabciya mai furanni kamar zanen gado, ta dawo kan wanda aka yi mata shekarun baya ya fi tagar gajarta. Yaya tana amsawa, "Haka ne, Mama," hawaye yana zuba kan abin awon da ke wuyanta. Direba ya dube ta ta madubi, ya rage sautin rediyonsa.

"Auta ma ya ce zai sake mini fentin falon," in ji Mama. "Sai ki jira ya gama, a zaɓi wanda zai shiga da shi."

Yaya ta cije gefen hannunta. "To, Mama."

"Ke, wayar nan sai tsuwa take mini a kunne. Saƙo ne yake ta shigowa kamar ruwan sama."

"Ƙyale su. 'Yan talla ne."

"Ga wani ma yana kira. Bari in ji ko wane ne."

"Mama, kada ki ɗauka, ban gama ba, tsawon tagar nake son ki—"

Layin ya katse. Ta sake kira, aka ce ana magana. Ta kuma kira, haka. Ta sallami direba, ta buɗe ƙofa a tsakiyar titi ta ratsa tsakanin motoci da gudu. Takalminta ɗaya ya tsinke gaban wani kantin magani, ta cire ɗayan ta riƙe a hannu. Duk hanyar abu ɗaya take gani, Mama a ƙasa tsakanin kujera da tebur, wayar tana ci gaba da magana a gefenta.

Ƙofar gidan a buɗe take. Ta tsaya a bakin falo tana haki.

Mama tana zaune daram a kujerarta, tabarau a hanci, wayar a hannu biyu. Murmushi take yi, irin wanda Yaya ta daɗe ba ta gani a fuskarta ba.

"Au, ashe kina hanya. Zo ki gani. Yau kowa hoton Auta ya saka, har mutanen da ban sani ba. Dubi nan, dubi nan kuma." Tana turawa da yatsa, fuskar Auta tana wucewa ɗaya bayan ɗaya. "Duk na danna musu alamar zuciya. Babban aiki ya samu, ko aure ya nema bai faɗa mini ba? Yaron nan da zurfin ciki."

"Wa ya kira ki ɗazu?"

"Matar kawunki ce. Tana jin muryata sai ta ce wai ɓatan lamba ta yi, ta kashe. Tsufa dai." Mama ta yi 'yar dariya. "Ga saƙonnin murya nan jere, ban kai kansu ba tukuna. Na dai tura nawa a zauren, na ce Allah ya sanya alheri, ya sa a ɗore. Ba wanda ya amsa mini."

Yaya ta dubi ƙofa, babu alamar Kawu. Ta ɗauko kwalbar magani a kan kantar falo, ta zuba ruwa a kofi.

"Ai lokacinsa bai yi ba," in ji Mama.

"Sha dai, Mama."

Ta sha, don ba ta son musu ranar farin ciki. Sannan ta miƙo wayar, ta ɗora yatsa kan rubutun da ke ƙasan hoton.

"To karanta mini. Me suka ce ya samu?"

Yaya ta karɓi wayar ta kife ta a tebur. Ta durƙusa, ta kama hannayen Mama duka biyu. Sai a lokacin Mama ta dube ta da kyau, ta ga ƙafa ba takalmi, ta ga idon da ya kumbura. Murmushin ya tsaya a fuskarta na ɗan lokaci, kamar bai san inda zai tafi ba.

"Ba karantawa zan yi ba, Mama. Ni zan faɗa miki da bakina."

Ta faɗa mata, a hankali, cikin kalmomi kaɗan. Hannun Mama ya matse nata har ya yi zafi. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta juya ta dubi wayar da ke kife, wadda har yanzu take ta ƙara a kan tebur.

"Duk waɗannan mutanen," ta ce, muryarta can ƙasa, "sun sani?"

"Sun sani, Mama."

"Ni kaɗai ce na yi masa barka."