Harafi Ɗaya a Jikin Gwangwani

Sana'ata cika tukunyar gas. Shekara tara ina yi, ba wanda ya taɓa cewa ina wari sai da 'yata ta fara tari.

Shekararta biyu. Fatarta ce ta bushe a gwiwar hannu, uwarta ta sayo mata wani man fesawa a gwangwani mai hoton jariri yana dariya. Mako bai cika ba tari ya zo, kullum da safe. Surukata, wadda ta zo mana kwana uku tun watan jiya, ta yi bincike da hancinta ta yanke hukunci: ni ne.

"Ɗana, ba ƙinka nake ba," in ji ta. "Amma mutum ya wuni cikin gas ya zo ya rungumi yarinya? Ƙirjin nata nawa yake?"

Aka kafa doka. Kayan aiki a waje, wanka biyu, kuma ba ni ba ɗaukarta sai tari ya tafi. Na bi. Mako uku ina ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa kamar maƙwabci. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Tarin kuwa ko gezau.

Ran da ba ni da aiki na ga yadda ake yi. Bayan wanka sai a rufe ƙofa da taga kada sanyi ya kama ta, uwar ta riƙe hannu, kaka ta fesa tun daga wuya har ƙafa. Ɗakin ya yi fari, yarinya ta hau tari. Na ɗauki gwangwanin. Ga alamar harshen wuta a gindinsa, irin wadda nake kallo kullum a wurin aiki.

Na nuna wa matata wata kalma cikin ƙananan rubutun. "Kin karanta nan?"

"Na karanta mana. Mutane. Harafin farko suka kuskure. Wato na mutane ne, ba na dabbobi ba."

"Butane," na ce. "Shi nake ɗura wa jama'a a tukunya tun kafin in aure ki."

Surukata ta karɓa, ta miƙa hannu nesa ta ƙanƙance ido. "To ai ba dafa ta muka yi ba."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ba ta yi mamaki ba. Ta ce gas ɗin shi ke turo man waje, kuma ba ta rantse shi kaɗai ne sanadi ba, amma ba a fesa wa ƙaramin yaro kusa da fuska a ɗaki rufe. A fesa a tafin hannu, nesa da ita, taga a buɗe, sannan a shafa. Kwana biyar tari ya yi sauƙi.

Ba wanda ya ba ni haƙuri. Surukata dai ta naɗo yarinyar a tawul ta miƙo mini.

"Tunda kai ka san gas, sai ka riƙa shafa mata."

Na karɓe ta. Ta ƙara nauyi ban sani ba. Ta dube ni, ta dubi kakarta, ta taɓe baki, sai ta fashe da kuka tana miƙa hannu a karɓe ta daga wurin wannan mutumin.