Maƙesu Masu Gaggawa

Tun kafin rana ta gama faɗuwa gadar ƙauyen ta cika maƙil, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin takalman katako. An kashe fitilun titi, an hana motoci shigowa. Kowa ya zo kallon maƙesu, ƙwarin nan masu kunna wuta a gindi, waɗanda suka dawo rafin bayan an fid da rai da su. Shi kuwa wanda ya dawo da su, Dokta Teruo Naganuma, yana ƙarshen gadar riƙe da hannun mahaifiyarsa, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Teruo masanin ƙwari ne a wata jami'a can yammacin ƙasar. Ban da bincike, shi ke koyar da darasin da ake tara sababbin masu bincike a tuna musu haƙƙin jama'a a kansu. Ya kuwa iya shi, har da buga tebur. "Abin da ka kiwata a kwalba," in ji shi kullum, "kada ya ƙetare ƙofar nan sai ka san wa zai tarar a waje."

Bara da kaka, da ya zo ziyarar kabarin mahaifinsa, Baba Onodera shugaban ƙungiyar ƙauyen ya same shi har gida. Tun da aka yi wa bakin rafin siminti maƙesu suka yi ƙaranci, bikin bazara ya koma abin dariya. Tsohon da ya sha ɗora Teruo a kafaɗa yana yaro, shi ne ya durƙusa a tabarma ya kai goshinsa ƙasa, yana roƙonsa ya dawo musu da maƙesu. Wa zai kalli wannan goshi ya ce a'a? Ga shi kuma a ɗakin bincikensa akwai tankuna cike da tsutsar maƙesu da aka gama aiki da ita, zubarwa za a yi. Sai ya loda a mota, ya zo ya juye a rafin.

Ba rashin sani ba ne, abin da ke cinsa ke nan. Sunan maƙesun ɗaya, amma na yamma ƙyaf-ƙyaf suke yi da sauri, na nan gabas kuwa sai su kunna, su huta, sannan su sake. In suka cuɗu suka hayayyafa, 'yan kaɗan ɗin na gida za su narke cikin baƙin, ba mai iya tsamo su. Ya lallashi kansa da cewa sanyin nan zai kashe yawancinsu, sanyin kuwa bai kashe ba.

Da duhu ya fara shigowa sai rafin ya kama da wuta daga wannan gaɓa zuwa waccan, dubbai, suna ƙyaftawa tare cikin gaggawa. Jama'a suka ɗauki sowa. Baba Onodera ya kutso yana warin giyar shinkafa, ya ɗaka wa Teruo duka a baya.

"Teru mai majina! Au, afuwa, Dokta. Ka ga aikinka kuwa? Mutanen ƙauyen ƙetare sun aiko, wai su ma a sam musu baɗi. Na ce su bi layi, Doktan namu ne."

"Baba, ai ni ban yi wani abin kirki ba."

"Ji shi, kunya kamar sabon ango! Gyara wuyan rigarka, yanzu zan kira ka ka yi wa mutane jawabi."

Ya wuce wajen lasifika. Teruo bai daina baza ido a kan rafin ba, guda ɗaya mai jinkiri yake nema. Da ƙyar ya hango shi can ƙarƙashin wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa, yana kunnawa shi kaɗai, ba ya bin sahun kowa.

Mahaifiyarsa ta ja hannun rigarsa. "Teru, kafin ka koma ka kai ni wurin likitan ido."

"Me ya sami idon, Inna?"

Ta rage murya. "Ka san lokacin da ƙirjin babanka ya matsa masa, nan muke zuwa. Da maƙesun nan yake daidaita numfashi. In sun kunna ya ja, in sun mutu ya saki. Tun da ya rasu nake zuwa ina yi ni ma, ko guda nawa na samu, sai in ji kamar yana gefena. Yau na gwada, haki kawai nake yi. Rawa suke min a ido, na kasa bin su. Tsufa ne, ba wani abu ba. Kada ka gaya wa Onodera, ya ce na raina aikin ɗana."

Kunya ta rufe Teruo tun daga kunne har tafin ƙafa. Shi da yake buga tebur a gaban 'ya'yan mutane, ga uwarsa tana zargin idonta don kada ta zarge shi.

"Dokta Naganuma!" lasifika ta yi ƙara. "Taho, jama'a na jiranka!" Aka ɗauki tafi.

Ya sunkuya daidai kunnenta. "Inna, idonki lafiyarsa ƙalau. Waɗannan ba na rafinmu ba ne. Daga yamma na kwaso su, haka suke tafiya da sauri. Na san haka tun kafin in zuba su."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "To na babanka fa? Suna ina?"

Ya juya kafaɗarta a hankali, ya nuna mata ƙarƙashin bishiyar. Ɗan guda ɗayan ya kunna, ta ja numfashi. Ya mutu, ta saki. Baƙin maƙesun suka yo ca a wurin suka rufe shi. Ana ta tafi ana kiran sunan Teruo, shi kuwa ya kasa ɗaga ƙafa, yana jin hannun tsohuwar ya ƙanƙame nasa, tana jiran a kunna mata ta sake ja.