Sunan Auta a Ƙafar Tsuntsu

A ɗakin ajiyar tsuntsaye na jami'a babu wanda ya kai Baba Auduga daɗewa, in ka cire tsuntsayen. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: a kawo masa mataccen tsuntsu, ya feɗe shi, ya cusa masa auduga, ya ɗinke, ya ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa, ya kwantar da shi rigingine a durowa. Daga nan ɗalibai suka samo masa suna, har suka manta yana da wani. Warin kafur kuwa ya kama tufafinsa, matarsa ta yi wanki har ta gaji ta haƙura.

Durowa ta tara yake fara ja kowace safiya. A cikinta akwai wani ɗan tsuntsun kurmi da bai cika tafin hannu ba, mai ɗigo-ɗigo a ƙirji, da jar takarda a ƙafarsa. Jar takarda a wannan sana'a ba abin wasa ba ce. Tana nufin a kan wannan gawa aka raɗa wa jinsin suna, duk mai gardama nan zai zo ya duba. Sunan kalma biyu ne, kamar na kowane tsuntsu a littafin masana. Ta farko ta danginsa ce. Ta biyu kuwa sunan Auta ne, 'yar Baba, an liƙa masa wutsiyar harshen Latin.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Suna cikin kurmi shi da Farfesa, maigidansa a wurin aiki a lokacin, raga ta kamo musu tsuntsun da safe, Farfesa yana ta zumuɗi don bai taɓa ganin irin ɗigon ba. Da rana saƙo ya iske su cewa zazzaɓi ya ɗauke Auta, har an yi mata sutura kwana biyu da suka wuce. Shekararta shida. Farfesa mutum ne da bai iya ta'aziyya ba, sai ya dafa kafaɗar Baba ya ce, in dai tsuntsun nan sabo ne, sunanta zai ɗauka har abada. Baba ya zauna ya feɗe tsuntsun kafin su kama hanya, don kada zafi ya ɓata shi.

Farfesa ya cika alkawari, daga baya ya rasu. An koma kurmin sau da yawa, ba a sake samun irin tsuntsun ba, aka ce ai mai wuyar gani ne.

Sai bana aka kawo wata sabuwar Dakta, siririya mai tabarau, mai ladabi, amma irin mutanen nan da ba sa barin abu ya kwanta. Ta yanki ɗan ƙiris daga fatar yatsan tsuntsun ta aika gwaji. Ranar da sakamako ya dawo ta iske Baba yana murza auduga a jikin tsinke, ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

"Faɗi, 'yata."

"Gwaji ya nuna tsuntsun durowa ta tara ba wani jinsi ba ne dabam. Ɗaya ne da na durowa ta takwas, masu farin ƙirjin nan da muke da su har arba'in. Su kuma an raɗa musu suna shekara ɗari kafin wannan. Ka san ƙa'ida."

Ya san ta mana. Sunan farko shi ke tsayawa, na baya a sauke shi ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, inda ba mai karantawa sai mai neman kuskuren magabata.

"Abu ɗaya ya hana ni rubutawa," in ji ta. "Ɗigon nan. In na ce jinsi ɗaya ne, za a tambaye ni me ya sa ƙirjinsa ya bambanta. Ina zaton yaro ne bai sake gashi ba, amma gurbin shekaru a takardarsa babu komai. Na duba takardunka sun fi dubu, Baba, ba ka taɓa barin gurbin nan ba sai a wannan."

Baba ya ci gaba da murza audugarsa. Duk mai feɗe ƙananan tsuntsaye ya san wannan: kafin ka rufe kai sai ka ɗaga ƙoƙon ka duba a haske. Na babba yana da kauri, fari. Na yaro kuwa shara-shara ne kamar ɓawon albasa. Ranar nan a kurmi ya ɗaga ya duba, haske ya ratsa. Ya ajiye alƙalami bai cike gurbin ba, Farfesa kuma murna ta hana shi tambaya.

Da ya ce ya manta, da maganar ta tsaya shekaru, wataƙila har ya bar duniya. Dakta ba za ta farke gawa mai jar takarda ba. Sai dai hannun Baba yana da wata ɗabi'a da ta fi ƙarfinsa: duk abin da ido ya gani sai ya shiga littafinsa na aljihu. Ya tashi ya buɗe kabad ɗinsa, ya zaro wani tsohon littafi da roba ta ɗaure, ya buɗe mata shafin ba tare da ya nema ba. Rubutun fensir ne, layi ɗaya: ƙoƙon kai bai yi kauri ba, yaro ne.

Ta karanta, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ke me kika yi? Aikinki kika yi. Ni ne ban yi nawa ba."

Shi ya rubuta sabuwar takardar gaban durowa, don har yau rubutunsa ake so. Ya mayar da ɗan tsuntsun zuwa durowa ta takwas, ya kwantar da shi a ƙarshen layi, kusa da manya. Kunya ta dame shi, amma ba ita ta fi ci masa rai ba. Gida yake tunani.

Da la'asar ya tarar da matarsa a falo tana ninke wanki. A bango, saman rediyo, akwai zanen tsuntsun cikin gilashi da sunan a ƙasa, kyautar Farfesa. Ba su da hoton Auta ko ɗaya, wannan zanen take gogewa duk mako, shi take nuna wa jikoki.

Ya zauna ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurara da rigarsa a cinya.

"Ka sani tun ranar, Malam?"

"Na sani."

"To sauran fa? Waɗanda suke kurmi?"

"Waɗanne?"

"Masu sunanta. Kullum in zan fita sai in ce a raina, suna can bisa itace suna waƙa, wani yana nuna su yana faɗin sunanta."

Baba ya dubi hannuwansa. "Babu sauran, uwar yara. Ba a taɓa yin su ba. Shi kaɗai ne, kuma bai ma kai fara waƙa ba. Bai fi wata biyu da barin sheƙa ba."

Ta daɗe tana kallon zanen. Ya yi zaton za ta sauke shi, ko ta yi masa faɗan da ya cancanta, har ya so ta yi. Sai ta ninke rigar ta ɗora a kan sauran, ta shafe ta da tafin hannu.

"Gobe ka tafi da ni wurin aikin naka," ta ce. "Ina so in gan shi, tunda shi ma ba a bar shi ya girma ba."