Takalmin Gimbiya a Littafin Baba

Ni nake buga wa Baba rubutunsa a kwamfuta, don ba mai iya karanta hannunsa sai ni. Ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. A shagon buga takardu nake aiki, a ƙasan benen da muke zaune, shi kuma ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyu. Littattafansa biyar sun fito, kuma duk a kan garin nan suke: tashar mota, gadar jirgin ƙasa, layin masu gyaran agogo. Baba bai taɓa ƙirƙiro mutum ba. Zama yake yi a bencin mai aski da ɗan littafi a aljihu, ya kwashe maganganun mutane, ya dawo gida ya canza musu suna. A ganinsa ya ɓoye su ke nan.

Bai taɓa ɓoye kowa ba. A littafi na biyar ya sa wani mai aski da ke hura wa mutum iska a ƙeya in ya gama. Shekara guda 'yan layi suna hura iska in mai askinmu ya wuce. Shi babba ne, dariya ya yi, har ya liƙa shafin a jikin madubi.

'Yata kuwa shekararta shida. Gimbiya muke ce mata. Ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, sai mai takalmi ya yi mata takalmi, ƙafa ɗaya mai tudu. Kullum da yamma Baba yana riƙe hannunta su je gada su ga wucewar jirgi. A watan da littafi na shida zai fito za ta shiga makaranta.

Ina cikin bugawa ranar Litinin na kai shafi na arba'in da biyu, sai hannuna ya tsaya. Ga yarinya nan, ya ba ta wani suna, ya mai da ubanta direba, ya kai gidansu can bayan kasuwa. Amma ga takalmin. Har ƙararsa a kan matakala ya rubuta.

Na rufe shago na hau sama da takardar a hannu.

"Baba, wace ce wannan?"

Ya ɗaga gilashinsa. "Uwata, ai 'yar direba ce."

"'Yar direba mai takalmin 'yata?"

"Na canza mata suna fa."

"Mai aski ma ka canza masa suna."

Ya sauke gilashin. Na ce, "Malaman makarantar nan suna karanta littattafanka, iyayen yara ma haka. Tun ba ta buɗe baki ba za a ce ga ta shafi na arba'in da biyu. Yara ba su da linzami a baki, Baba. Ni zan riƙa share mata hawaye, ba masu karatu ba."

"Ba abin kunya na rubuta ba. Ki karanta ki ga yadda na yabe ta."

"Na karanta. Ya yi kyau ƙwarai. Ka cire."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "'Yarki ce. An gama."

Ranar Laraba ya sauko da sabon babin, ya ajiye min a tebur. Ya cire ta kaf. Na fara bugawa, kuma tun kafin in kai rabi na ji abin ya mutu a hannuna. A na farkon, saboda yarinyar ba ta sauri, mai ba da labarin yana tsayawa inda ta tsaya, yana ganin abin da shekara arba'in yake wucewa bai gani ba: tsohon sunan gidan silima da ke leƙowa ta ƙarƙashin fentin kantin magani, kyanwar da ke barci a aljihun teburin mai gyaran agogo, tafin hannun wani da ya bushe a simintin gindin gada. Yanzu duk suna nan, amma an jera su kamar kayan talla. Ba dalilin da zai sa mutum ya tsaya.

Ni ba marubuciya ba ce, amma na san abu in ya rasa gishiri. Na sake hawa sama. Na same su shi da Gimbiya suna faɗa a kan fensir.

"Tsoho, nawa ne!"

"Ke tafi can, amaryar da ba ta iya raba kaya da miji ba."

Na aike ta ta kai wa babanta ruwa, na zauna. "Baba, babin nan yana bukatar mai tafiya a hankali."

"Na sani. Kin kore ta."

"To ka ba kanka ƙafar."

"Kamar yaya?"

"Ka ce kai ne gwiwarka ta lalace. Tsoho mai ɗingishi, yana hutawa a kowane lungu. Duk abin da ta gani sai ya gani."

Sai da ya miƙe tsaye. Baba mutum ne da ke hawa matakala bibbiyu in akwai masu kallo, sai ya shiga ɗaki ya zube a kujera yana haki. "Ni? Ɗingishi? Uwata, kin san mutanen garin nan. Duk abin da na rubuta gaskatawa suke yi."

"Shi ya sa na hau benen nan sau biyu."

Ya koma ya zauna. Ta taga muna jin muryar Gimbiya tana ba babanta labari. Can ya jawo biro, ya ce, "Wace ƙafa?"

"Ta dama," na ce. "Kada ma a yi kusa."

Littafin ya fito mako biyu kafin a buɗe makaranta. Ba a kwana uku ba mai kantin magani ya tare shi da man shafawa. Matar mai benen ta hau da kanta ta yi masa sannu, tana cewa ashe haka yake fama bai faɗa wa kowa ba. A motar haya mutane suka fara tashi suna ba shi kujera. Mai takalmi kuwa, wanda shi kaɗai nake zargin ya gane dabarar, ya kawo masa sanda mai kan azurfa, ya miƙa masa da hannu biyu, fuska ba alamar dariya.

"Ka riƙe, Malam," ya ce. "Tunda ka rubuta, sai ka cika."

Baba ya karɓa. Da farko yakan manta ya ɗingisa ta hagu, sai na yi gyaran murya daga ƙofar shago ya sauya.

Gimbiya ta shiga makaranta. Ranar farko na kasa aiki, na buga takardar wani sau uku ina kuskure. Da aka tashi na tare ta a bakin ƙofa ina duba idonta. Ƙorafinta ɗaya ne: wata yarinya ta ci mata rabin abinci, kuma yanzu ƙawarta ce. Na san wata rana wani zai yi maganar takalmin. Amma zai fara jin sunanta daga bakinta tukuna.

Da yamma na ji su suna saukowa, ƙarar takalmi da ƙarar sanda.

"Tsoho, yi a hankali mana," in ji ta. "Kawo hannunka kada ka faɗi. Jirgin ba zai wuce mu ba."