Lambar da Ta Tafi Kiwo

Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a Gafasa, kuma a zauren gidan Baffa Hamma muke aiki. Matarsa, Inna Hanne, ita ce shugabarmu. Da labari ya zo cewa za a yi baje-kolin kayan gona a Kano, kuma ba za a ba kowace ƙungiya rumfa ba sai tana da shafi a intanet, duk sai muka juya muka dubi jikarsu Juwairiyya, wadda ta yi karatun kwamfuta a Gaya.

Manhajoji uku na gina shafi ta gwada mana a wayarta. Ta farko kyauta ce, amma tana liƙa tallan wasu a saman shafin mutum. Ranar da muka duba, tallan caca ne zaune a kan kwalbar manmu.

"A'uzubillahi," in ji Inna. "Rufe, rufe."

Ta biyu ta fi kowacce kyau, sai dai kafin ta buɗe da sabis ɗin garinmu an gama suyar kasko guda na ƙuli-ƙuli. Ta ukun ba ta da ado, amma tana buɗewa ko a ƙaramar waya. Ita muka zaɓa.

Wajen rajista aka nemi lambar waya. Juwairiyya ta fara sa tata, Inna ta riƙe mata hannu.

"Ke, a zauren wa muke? Ba a kafa abu a gidan mutum a tsallake shi. Sa ta Malam."

"Inna, shi fa ko saƙo bai iya buɗewa ba."

"Girma aka ce, ba iyawa aka ce ba."

Ni ma na gyaɗa kai a ranar, kamar kowa.

Ranar Alhamis za a rufe karɓar sunaye. Da safiyar Talata Juwairiyya ta buɗe shafin don ta tura adireshinsa, sai ta tarar da shi fari fat. Babu hoto, babu rubutu. Ta yi ƙoƙarin shiga ta gyara, manhajar ta ce ta aika lambobi shida zuwa wayar mai shafin, kuma bayan minti goma sun mutu. Shi kuwa Baffa mako guda ke nan da ya bi shanunsa zuwa rugar ƙaninsa, can bayan Ajingi, don damina ta kankama, gonaki sun rufe ko'ina. Muka yi ta kira, wayar ba ta shiga.

Inna ta koma kan turmi tana kirɓa da ƙarfin da ya wuce na kullum. Wata biyu muna tace mai muna ajiyewa saboda wannan rumfa, kuma ita ta san abin da kowa ya haɗiye bai faɗa ba. Da za mu tashi ta kira ni gefe.

"Hure, ki raka Juwairiyya rugar gobe. Ƙafata ba za ta kai ba."

Babura biyu muka hau bayan asuba. Inda hanya ta zama taɓo muka sauka muka tattare zani. Hantsi ya yi sosai kafin muka hango shi a gindin marke, da sanda a kafaɗa.

"Lale da amaryata!" ya ce da jikarsa. "Kin kasa haƙuri ke nan, kin biyo ni daji?"

"Wa zai biyo tsoho? Wayarka na biyo. Ina take?"

Ya ciro ta daga aljihun 'yar shara, naɗe cikin leda biyu, a kashe. Wai yana tattalin caji ne don ranar da za a neme shi.

Sabis kuma sai a kan wani tudu, kusa da suri. Muka hau mu uku. Na riƙe wayar Baffa sama kamar mai miƙa wa wani abu ta katanga. Saƙon farko ya iso a makare, ya mutu. Na biyu ya zo, na karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, Juwairiyya tana dannawa. Ta shiga.

Ta yi ta dube-dube a ciki, gumi na ɗiga daga haɓarta. Can ta sauke ajiyar zuciya.

"Anti Hure, ga shi. Manhajar ce ta sabunta kanta, shi kuma ɗan ƙarin da na sa don hotuna su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya bai dace da sabuwar ba. Shi ya toshe komai."

Ta kashe shi, ta jera hotunan a tsaye. Shafin ya dawo, kwalabenmu sun yi layi. Nan take ta tura adireshin, muka tsaya har amsa ta zo cewa an karɓa.

Baffa ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi dalilin da ya sa sai da wayarsa. Juwairiyya ta sunkuyar da kai. Ni na yi masa bayani, ban ambaci sunan kowa ba. Bai buƙaci a ambata ba.

"Aikin Hanne ne," ya ce, yana murmushi. "Shekara arba'in ba ta taɓa ɗaga tukunya ta zuba wa wani kafin ni ba. Juwairiyya, cire tawa ki sa taki tun muna kan tudun nan."

"Inna za ta ji babu daɗi."

"Ki ce ni na ba da umarni. Wannan ba za ta tsallake shi ba."

Aka sake turo wasu lambobin, na sake karantowa. Da aka gama ya karɓi wayarsa, ya kashe, ya mayar cikin ledojinta, ya ce mu sauka mu sha kindirmo kafin hadarin gabas ya tare mu a hanya.